Kubrick da Kiɗan Aro

A ƙarshen shekarar 1967, darakta Stanley Kubrick ya kira Alex North zuwa Landan domin ya tsara wa sabon fim ɗinsa kiɗa. North ba ƙaramin mutum ba ne a wannan sana'a. Shi ya yi kiɗan A Streetcar Named Desire a 1951, shi ya yi na Cleopatra a 1963, kuma sun taɓa aiki tare da Kubrick ɗin a Spartacus a 1960. Ya duƙufa ba dare ba rana har ciwon baya ya kwantar da shi, ta kai ga a motar asibiti ake kai shi wurin ɗaukar kiɗan. Cikin 'yan makonni ya kammala kiɗa na kusan minti 40, makaɗa suka buga, aka naɗa. Sai aka ce masa ya dakata haka nan, ragowar fim ɗin ba ya buƙatar kiɗa. A watan Afrilun 1968 ya shiga sinima domin kallon 2001: A Space Odyssey, ya zauna har aka tashi bai ji ko ɗigo na aikinsa ba. Babu wanda ya sanar da shi kafin ranar.

Abin da Kubrick ya sa a madadin kiɗan North, faya-fayai ne da kowa zai iya shiga kanti ya saya. Wasu an rubuta kiɗansu tun kafin a ƙirƙiro sinima. Mun daɗe muna juya wannan labari, kuma kullum a wuri ɗaya muke tsayawa: idan kunne aka tambaya, Kubrick ya yi daidai. Idan haƙƙi aka tambaya, akwai mutanen da ya tafi da nasu. Dukkan maganganun biyu muke riƙe da su, ba mu ga dalilin sakin ɗaya domin ɗaya ba.

Kafin mu yi nisa, bari mu faɗi irin kiɗan da muke nufi. Okestira ita ce babbar ƙungiyar makaɗan Turai, mutum 80 zuwa 100 zaune a dandamali ɗaya. Fiye da rabinsu masu goge ne, tun daga ƙaramin da ake ɗorawa a kafaɗa har zuwa ƙaton da ya kai tsawon mutum. Sauran masu busa ne, na sarewa da na ƙaho, sai masu tambura can baya. Kiɗan a rubuce yake a takarda, kowa da shafinsa a gabansa, kuma sau da yawa wanda ya rubuta shi ya daɗe a kabari. Mutum ɗaya ne ke tsaye a gaba da 'yar sanda a hannu, shi ne madugu. Ba ya buga komai, amma shi ke yanke saurin tafiya, shi ke nuna inda za a sassauta da inda za a taso.

Takardar ba ta faɗin komai da komai. Za ta ce a yi a hankali, ba za ta ce a hankali kamar yaya ba. Shi ya sa kiɗa ɗaya a hannun madugu biyu yake fitowa kamar 'yan uwa biyu masu kama da juna amma hali daban. Wanda ya saba sauraron Mamman Shata ya san wannan. Bakandamiya ba ɗauka ɗaya ba ce, akwai su da dama, wata muryar ta fi tashi, wata kalangun sun fi zafi, kuma har yau masoyansa na musu a kan wadda ta fi. To haka masu sauraron okestira suke musu a kan faifai, har abota ta yi tsami.

Mu da rubuta manhaja ce sana'armu, wannan musun ba baƙo ba ne gare mu. Da wuya mu fara aiki daga tushe. Muna ɗauko abin da wasu suka riga suka rubuta suka ajiye a intanet, mu haɗa da namu. Darasi na farko da aikin ke koya wa mutum shi ne sunan abin da ka ɗauko bai wadatar ba, sai ka rubuta lambar fitowarsa. Fitowa ta 2.1 da ta 2.4 sunansu ɗaya, mai su ɗaya, amma wannan za ta tafi da aikinka lafiya, waccan ta rushe shi a ranar da mai kwangila ya zo dubawa. Darasi na biyu shi ne lasisi: yawancin masu bayar da aikinsu kyauta abu ɗaya suke roƙo, kada a goge sunansu. A ganinmu Kubrick ya ƙware a darasi na farko fiye da duk wani darakta da muka sani. Na biyun ne ya yi wa riƙon sakainar kashi.

Ɗauki kiɗan da ya buɗe 2001. Richard Strauss, Bajamushe, ya rubuta shi a 1896, sunansa Also sprach Zarathustra. Yana farawa da wani gurnani can ƙasa, daga ogan da manyan goge, wanda ƙirji ke fara ji kafin kunne. Sai ƙaho ya taka matakala uku zuwa sama, duk ƙungiyar ta amsa, tambura su biyo baya. Sau uku ake yin haka, kowanne ya fi na baya faɗi, har a kai ga fashewar ƙarshe, kowa ya yi shiru a bar ogan shi kaɗai yana riƙe da sautin. A allo kuwa wata ne da duniya da rana suka jeru a layi ɗaya, ranar tana fitowa. Kubrick ya dawo da shi sau biyu: lokacin da biri ya gane cewa ƙashi zai iya zama makami, da kuma ƙarshen fim ɗin.

Faifan da ya zaɓa shi ne wanda Herbert von Karajan ya jagoranta da makaɗan Biyana, babban birnin Ostiriya, a 1959, na kamfanin Decca. Kamfanin ya ba da izini bisa sharaɗin kada a ambaci madugun ko makaɗan a fim ɗin, kamar suna jin kunyar a gan su a sinima. Da aka zo fitar da faifan kiɗan fim ɗin kuma, sai aka sa wata ɗaukar daban, ta Karl Böhm da makaɗan Barlin. Ke nan ɗimbin mutanen da suka sayi faifan domin su sake jin abin da ya girgiza su a sinima, wani abu suka kai gida. Ɗaukar Böhm ba ta da aibi. Lambar fitowa ce kawai ba ɗaya ba, kuma duk wanda ya jera su biyun a kunne zai ji tazarar. Da fim ɗin ya yi kasuwa, sauran kamfanoni suka yi ta rige-rigen sayar da nasu, Decca da ya ɓoye sunansa ya zo a makare. Makaɗan da suka yi aikin kuwa, kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Idan don zama a saurari kiɗan gaba ɗayansa ne, mu mun fi son ɗaukar Fritz Reiner da makaɗan Shikago ta 1954. Tsohuwa ce, tana cikin faya-fayan farko da aka naɗa da sauti mai fitowa ta kunne biyu, amma babu kitse a jikinta, kowane layi a bayyane yake kamar aikin da aka rubuta da tsafta. Karajan ya sake ɗaukar kiɗan da makaɗan Barlin a 1973, kuma mutane da yawa sun fi yabon wannan. A kunnenmu ta cika sheƙi, kamar ɗakin da aka goge har ba ka son zama a ciki. Amma a gaban waccan fitowar ranar, ta 1959 ce ta dace, domin tana da nauyi da ɗan duhu, kamar abin da ke tasowa daga ƙarƙashin ƙasa.

Misalin da ya fi nuna kunnen Kubrick shi ne na gaba. Biri ya jefa ƙashi sama, kafin ya faɗo hoto ya yanke zuwa wani jirgi a sararin samaniya, an tsallake miliyoyin shekaru a ƙiftawar ido. Wane kiɗa za a sa a nan? Kowa zai yi tsammanin wani abu mai ƙarar inji. Kubrick ya sa kiɗan rawa na 1867, The Blue Danube, na Johann Strauss ƙarami, wanda ba shi da dangantaka da Richard sai suna. Tashar sararin tana juyawa kamar ƙafar keke, jirgin yana daidaita juyinsa da nata domin ya shiga, alƙalami na yawo a iska kusa da fasinjan da barci ya kwashe. Injiniya ya san wannan shigar lissafi ce mai haɗari, kuskure kaɗan sai mutuwa. Kiɗan ya mayar da ita rawar mutum biyu da suka saba da juna.

Irin wannan rawa bugu uku-uku take tafiya, kuma makaɗan Biyana suna da wata al'ada: bugu na biyu su kan riga shi zuwa kaɗan, na uku su ɗan jinkirta shi. Wannan ɗingishin ne daɗinta. Wanda yake son jin sa a kammale ya nemi bikin kiɗan sabuwar shekara na Biyana da Carlos Kleiber ya jagoranta a 1989. A wurinmu babu ɗaukar The Blue Danube da ta kai ta rai, kana ji kamar ka ga ƙafafu a ƙasa. Amma Kubrick da makaɗan Barlin ya tafi, a hannun Karajan, inda tafiyar ta fi santsi, ɗingishin ya ragu, komai na zamewa kamar a kan mai. A zauren rawa wannan naƙasu ne. A sarari, inda babu nauyi kuma babu ƙasan da ƙafa za ta taka, shi ne daidai. Ɗaukar da ta fi kyau daban, wadda ta dace da aikin daban, kuma sanin bambancin nan shi ne rabin sana'ar duk mai haɗa aikin wasu.

Sai György Ligeti. Shi yana raye a lokacin, a nan ne maganar haƙƙi ta fi nauyi. Bayahuden Hungari ne da aka haifa a Romaniya a 1923. Mahaifinsa da ƙanensa sun mutu a sansanonin 'yan Nazi, shi kuma ya tsere daga Hungari a 1956 lokacin da sojojin Tarayyar Sobiyet suka murƙushe boren ƙasar. Kiɗansa ba shi da karin da za ka bi da baki. A Atmosphères na 1961, kusan kowane mai goge da nasa layin daban, sai duka su cakuɗe su zama wani gajimare mai motsi, kamar gungun ƙudan zuma da ka ji daga nesa ba ka san ta ina suke tahowa ba. Kusan duk lokacin da baƙin allon dutsen nan ya bayyana a fim ɗin, muryoyin Requiem ɗinsa ne ke tashi. Ba mu san wani sauti da ya fi wannan kama da tsoron abin da hankali bai kai gare shi ba.

Ba a nemi izinin Ligeti ba. Labari ya ji, ya je sinima da kansa ya tarar da ayyukansa huɗu a ciki, ɗaya ma, Aventures, an murɗa sautinsa da na'ura kuma ba a ambace shi ba. Sai da lauyoyi suka shiga kafin a sasanta. Masu kare Kubrick su kan ce ai fim ɗin ne ya sa duniya ta san Ligeti, kuma gaskiya ne, kamar yadda yake gaskiya cewa daga baya Ligeti ya yaba wa fim ɗin, har kiɗansa ya sake fitowa a The Shining da Eyes Wide Shut. Amma wannan hujjar mun san ta a wurin aikinmu. Ita ce ta mai cewa ka yi masa manhaja kyauta, ai za ka yi suna. Alherin da ya biyo baya ba ya wanke rashin sallamar farko.

To kiɗan North fa, da an bar shi da ya fi? North ya rasu a 1991. A 1993 abokinsa Jerry Goldsmith ya tara makaɗa ya naɗi kiɗan domin duniya ta ji, daga baya a 2007 aka fitar da ainihin ɗaukar farko. Mun saurare su sau da yawa. Aiki ne na gwani, musamman ɓangaren birai, mai kaifi da ƙura. Sai dai kiɗa ne da aka ɗinka daidai jikin hoton, yana bin sa yana gaya maka abin da za ka ji: nan ka yi mamaki, nan ka firgita. Kiɗan da Kubrick ya aro bai san da fim ɗin ba. Yana tafiyarsa, hoto na tafiyarsa, mai kallo ne ke tsakiya yana haɗa su da kansa. Wannan aikin da aka bar wa mai kallo shi ne abin da ya sa fim ɗin bai tsufa ba. Don haka muna tare da hukuncin Kubrick. Abin da ba mu tare da shi a kai shi ne barin dattijo ya ji labarin korarsa a cikin duhun sinima, alhali kiran waya ɗaya ya isa.

Akwai kuma wuraren da ya hana kiɗa gaba ɗaya, kuma su ne suka fi zama a ranmu. Kusan minti 25 na farkon fim ɗin babu wanda ya yi magana. Lokacin da kwamfutar jirgin, HAL 9000, ta kashe ɗan sama-jannati Frank Poole a waje, babu goge babu tambari, numfashinsa ne kawai muke ji, sai ya yanke. Mutum uku da ke barci a cikin akwatunan sanyi, mutuwarsu layuka ne a allo da ƙarar na'ura. A littafin Arthur C. Clarke an bayyana ciwon HAL: an gina ta don ta faɗi gaskiya, aka kuma umarce ta ta ɓoye wa matafiyan manufar tafiyar. Duk mai rubuta manhaja ya taɓa karɓar umarni biyu masu karo da juna daga sama, ya kuma ga abin da na'ura ke yi idan an tilasta mata cika duka biyun. Da Dave Bowman ya shiga zare mata ƙwaƙwalwa ɗaya bayan ɗaya, sai ta koma ƙuruciya ta fara rera Daisy Bell, muryar tana nutsewa. Ita ma waƙar aro ce: a 1961 wata kwamfutar IBM ta rera ta a ɗakin binciken Bell a Amurka, kuma Clarke ya ji da kunnensa.

Duk da haka, idan aka ce mu zaɓi fim ɗaya cikin 13 da Kubrick ya yi, Barry Lyndon na 1975 za mu ɗauka. Mutane da yawa na cewa ya cika jan jiki, awa uku ana kallon mutane cikin hular gashi suna tafiya a hankali. Mu wannan jan jikin ne ya kama mu. Labarin wani saurayi ne ɗan Ailan a ƙarni na 18, Redmond Barry, wanda ya bar gida bayan faɗan bindiga, ya yi soja, ya yi caca, ya auri matar wani attajiri bayan mutuwar mijin, ya hau, sannan ya gangaro har ƙasa. An ɗauki wasu wuraren da hasken kyandir kaɗai, da gilashin kyamara na kamfanin Zeiss irin wanda aka ƙera wa hukumar NASA. Fim ɗin ya ci kyautar Oscar huɗu, ɗaya ta Leonard Rosenman ce, wanda ya gyara tsofaffin kaɗe-kaɗen suka zauna a fim.

Kiɗa biyu ne ke ɗauke da fim ɗin. Na farko wani ɗan guntun kiɗan rawa ne mai nauyi na Handel, wanda asalinsa mutum ɗaya ke bugawa da yatsu. Rosenman ya faɗaɗa shi ya ba okestira, ya zama kamar takun masu ɗauke da makara. Da shi aka buɗe fim, shi ke dawowa a wurin faɗan bindiga, wani lokaci an tuɓe shi saura tambari da gurnanin babban goge, shi ne kuma ya raka gawar ƙaramin ɗan Barry da doki ya kayar. Tun Barry na saurayi mai dariya, kiɗan ya riga ya san ƙarshensa.

Na biyu na Schubert ne, na mutum uku: fiyano da goge biyu, ƙarami da babba. Barry yana zaune a teburin caca, matar da zai aura tana fuskantarsa, kyandira na ci. Suka kalli juna. Ta tashi ta fita baranda, ya bi ta a hankali, ya kama hannunta. Tsakaninsu babu kalma ɗaya, fiyano ke taku kamar agogo, babban gogen na jan wani kari mai kama da wanda ya riga ya yi rashi. Schubert ya rubuta wannan a 1827, shekaru da dama bayan zamanin labarin, ya rasu shekara ɗaya bayan haka yana da 31. Kubrick ya san lissafin bai yi daidai ba, kuma ya faɗa da bakinsa cewa ya bincika kiɗan ƙarni na 18 bai sami mai irin wannan ciwon soyayyar ba. Mutumin da ya sa aka nemo masa kyandir da tufafi daidai da zamani, ya karya dokarsa saboda kunne. A ƙarshen fim kiɗan ya dawo, matar tana sa hannu a takardar kuɗin da ake aika wa Barry duk shekara don ya yi nesa da ita. Hannunta ya ɗan tsaya a kan sunansa. Kwanan watan da ke takardar 1789 ne, shekarar da juyin juya halin Faransa ya fara cinye irin duniyarsu.

A The Shining na 1980, wurin da muka fi tsoro babu gatari babu jini. Yaro Danny ne zaune a cinyar mahaifinsa, uban yana masa magana mai taushi, a ƙarƙashi kuma kiɗan Béla Bartók na 1936 ne, Karajan da makaɗan Barlin, sautuka na zamewa sama da ƙasa kamar bene na motsi. Gordon Stainforth ne ya zauna ya auna kiɗan da maganar har suka faɗa kan juna. Sunansa ba ya cikin waɗanda ake yawan ambata idan ana yabon fim ɗin.

Inda muka raba hanya da Kubrick shi ne A Clockwork Orange na 1971. Fim ne mai tsanani da ba na yara ba, inda ya ɗaura Beethoven da Rossini a kan duka da cin zarafi. Mun fahimci abin da yake nufi, cewa son kiɗa mai kyau ba ya mayar da mugu mutumin kirki. Amma dabarar ta yi aiki fiye da kima. Akwai kiɗan Rossini da har yau ba ma iya ji ba tare da ganin sanda na sauka a jikin mutum ba. Kayan aro idan ya dawo, ba ya dawowa yadda ya tafi. Shi ma Zarathustra abin da ya same shi ke nan: kiɗa ne na fiye da rabin awa, amma duniya minti biyun farko ta sani. Elvis Presley ya riƙa buɗe wasanninsa da shi a shekarun 1970, masu talla suka ɗauka, har ya zama abin barkwanci. Wannan ma bashi ne, kuma kiɗan kansa ake bin sa.

Kada a ɗauka muna cewa tsohon faifai ya fi sabon kiɗa a kowane fim. A shekarar da 2001 ya fito, Sergio Leone na Italiya ya fitar da Once Upon a Time in the West, fim ɗin kaboyi wanda Ennio Morricone ya rubuta kiɗansa tun kafin a kunna kyamara, aka riƙa sa shi a wurin ɗauka 'yan wasa na taku a kansa. A 1975 John Williams ya tsorata duniya da sauti biyu kacal a Jaws, a 1977 kuma ya zauna da makaɗan Landan ya yi Star Wars. Waɗannan sababbi ne, kuma babu faifan kanti da zai maye gurbinsu. Abin da ya haɗa Leone da Kubrick shi ne dukansu kiɗa suka sa a gaba, hoto ya biyo. Mu da muka tashi da finafinan Indiya da na Hausa mun san wannan tsarin, domin waƙa ake fara naɗa sannan a fita ɗaukar hoto a kanta.

Sai dai hanyar Kubrick ta bar wani gado mara daɗi. Yau an saba a ɗakin tace fim a ɗora kiɗan wani fim na wucin gadi, darakta ya saba da shi, sannan a kira mai kiɗa a ce ya yi irinsa amma kada ya zama shi. North ma abin da ya fuskanta ke nan, shi ya sa buɗewar da ya rubuta take bin sawun Zarathustra taku bayan taku. Ga kuma manhajojin da abokan sana'armu ke ginawa yanzu, masu fitar da kiɗan bayan fage cikin daƙiƙu, waɗanda aka horar da aikin dubban makaɗa ba tare da sunan ko ɗaya ya fito ba. Abin da aka yi wa makaɗan Biyana sau ɗaya, na'ura na iya yin sa sau dubu kafin a sha shayi.

A gida ma tambayar tana nan. Sau nawa muka ji karin waƙar Indiya ko kiɗan wani fim na waje a bayan fim ɗin Hausa, aka gama jero sunaye ba a ambaci mai shi ba? Aro ba laifi ba ne, ai da tsohuwar zuma ake magani. Tambaya biyu ce kawai: ka zauna ka zaɓa, ko abin da hannu ya kai ka ɗauka? Kuma ka yi sallama da mai kayan? Muna da tsofaffin ɗauka na kukuma da gurmi da algaita da kakaki a kaset-kaset da ɗakunan ajiyar gidajen rediyo. Muna jiran daraktan da zai zauna da su wata da watanni kamar yadda Kubrick ya zauna da nasa faya-fayan, ya gane wace ɗauka ce ta dace da wane hoto, sannan ya nemi iyalan makaɗin ya biya su, ya rubuta sunan kowa har mai amshi.

Ga wanda zai gwada waɗannan a wayarsa, shawara ɗaya: kada a saurara ta sifikar waya. Gurnanin da ya buɗe Zarathustra yana girgiza kusan sau 33 ne a daƙiƙa, ƙaramar sifika ba ta iya fitar da shi, za ka ga lokaci na tafiya ka zaci shiru ne. A sa abin kunne, a jira dare lokacin da janareton maƙwabta ya huta. A fara da Schubert, kashi na biyu na kiɗan mutum ukun nan mai lamba 100 a jerin ayyukansa. Daga nan a ji The Blue Danube sau biyu, ta Kleiber da ta Karajan, a ga wadda ƙafa ta bi. A ba Alex North minti 40 ɗinsa, ya daɗe yana jira. In an zo kan Zarathustra, a duba a tabbatar da wadda aka kunna, tun da fim ɗin bai faɗa ba: Herbert von Karajan, makaɗan Biyana, 1959.